Kambin kyandir na Adbent: ƙarfen ya yi, kyandirorin ba su yi ba

Idan ikilisiyarku na shawarar sayen kambin kyandir na Adbent (lokacin shiri na Lahadi huɗu kafin Kirsimeti), irin wanda ake sayarwa saiti guda a cikin kwali, ga ra'ayina tun daga farko: ku sayi ƙarfen, ku nemi kyandirori daban, kuma kada ku karanta ɗan littafin da ke biyo shi a gaban jama'a sai fasto ya duba shi. Ni ce mai shirya ɗakin sujada a wata ƙaramar ikilisiyar Firesbiteriyan. Ni na karɓi kayan, ni na haɗa su, ni ce kuma na durƙusa ina kankare kakin da ya zuba a ƙasa.

A cikin kwalin akwai zoben tagulla mai mazaunin kyandir huɗu a kewaye da ɗaya a tsakiya, da kyandirori uku masu launin shunayya, ɗaya ruwan hoda, ɗaya fari, sai ganyen roba da ake naɗawa a jikin zoben, sai littafin karatu da addu'o'i. Ana kunna ɗaya ranar Lahadi ta farko, wadda kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, biyu a ta biyu, a haka har huɗu. Farin na tsakiya sai daren jajibirin Kirsimeti.

Kafin kwalin ya shigo ma sai da aka kai ruwa rana. A tsarinmu fasto ba ya wayar gari ya ajiye sabon abu a ɗakin sujada don ya ga dama. Wa'azi nasa ne, amma abin da za a ƙara a tsarin sujada sai ya bi ta majalisar dattawa, su tattauna, su kaɗa ƙuri'a, sakatare ya rubuta. An kira ni zaman don in nuna hoton kayan. Ina gama bayani, dattijo mafi tsufa a cikinsu ya cire tabarau ya ce, "Fasto, a wace aya aka ce mu kunna kyandir?" Wasu matasan dattawan suka ɗan yi murmushi, suna ganin rigimar tsufa ce. Ni ban ga haka ba, domin Baba yana tsaye ne a kan tushen gidan. Iyayen wannan ɗarika sun riƙe cewa abin da Allah bai umarta a yi a sujada ba, ba a shigo da shi. Bayan gyaran addini na 1560 a Sikotilan, zamanin John Knox jagoran gyaran, an lissafa Kirsimeti cikin bukukuwan da za a daina, saboda Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar Yesu ba, bai kuma ce a yi bikinta ba. A 1640 majalisar dokokin ƙasar ta soke hutun lokacin. Jagorar sujada ta Westminster, wadda cocin Sikotilan ta karɓa a 1645, ta ce ranakun bukukuwan da ba su da tushe a Maganar Allah kada a ci gaba da su. Sai a 1958 Kirsimeti ta zama ranar hutu a hukumance a Sikotilan, kuma har yau akwai ƙananan ikilisiyoyin Firesbiteriyan a can da ba sa yin ta.

Shi kambin kansa ma ba namu ba ne asali. Wani malamin Lutheran ne a Jamus, Johann Hinrich Wichern, ya fara yin sa a 1839 a gidan da yake renon yaran talakawa a Hambug. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo, sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ya jera mata kyandirori, ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare na ranakun Lahadi. Fasto ya ba da wannan labarin a zaman, ya ce abin ƙidayar kwana ne don yara, babu wani tsarki a jikinsa. A kan haka aka daidaita. Ba za a ɗora shi a teburin Jibin Ubangiji ba, ba zai tare mumbari ba, ba za a yi masa addu'ar keɓewa ba, kuma ba za a kunna ko ɗaya ba sai an karanta Nassi tukuna. Baba bai ɗaga hannu ba da aka zo ƙuri'a, har yau kuma bai taɓa kunnawa ba. Amma shi ne kowace shekara yake tambaya ta, "'Yata, tukunyar kashe gobara tana kusa?"

To, ga kayan. Zoben ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Yana da nauyi, ƙafafunsa uku suna zama daram, yaro ya bangaji teburin bai motsa ba. Walda mai kyau ce, babu kaifi a gefuna, kuma idan aka goge shi da tsumma mai laushi yana dawowa kamar sabo. Aibinsa ɗaya: ramukan mazaunin sun ɗan fi gindin kyandirorin faɗi, alhali a kwali ɗaya suka zo. Kyandir yakan karkace kaɗan, wanda ya karkace kuwa yana ci ta gefe ɗaya ya riƙa zubar da kaki. Ina naɗa wa gindin siririyar takardar alminiyam kafin in soka, shi ke nan sun miƙe.

Kyandirorin ne abin takaici. Launin fenti ne kawai a waje, cikinsu fari ne, da sun fara narkewa sai ka ga farin kaki yana gangarowa a kan shunayya. Lagwanin ba ya tsakiya a guda biyu. Babbar matsalar kuma lissafi ne da mai haɗa saitin bai yi ba. Siririn kyandir irin wannan yana cin kusan inci ɗaya a awa. Na farko zai yi aiki Lahadi huɗu, da daren jajibiri, da safiyar Kirsimeti, sujadarmu kuma ba ta ƙarewa a awa ɗaya, balle ranar da ƙungiyar mawaƙa ta samu sabuwar waƙa. Kafin Lahadi ta huɗu ya zama guntu, wutarsa tana dab da ganyen roba. A nan ne hankalina ya tashi, domin ganyen roba ba ya jira. Na cire shi gaba ɗaya daga kusa da mazaunan, na bar shi a gefen waje kawai. Daga baya muka sayi kyandirori masu kauri, miƙaƙƙu, masu kakin zuma a haɗinsu, waɗanda suka fi jinkirin ci, muka sa musu 'yar hular tagulla da ke zama a kai tana bin kyandir ƙasa yayin da yake narkewa. Tun daga nan ban sake kankarar kaki ba. A lura, hular ba ta zama a kan kyandir mai tsini, sai miƙaƙƙe. Kuma idan akwai fanka ko taga a kusa, a matsar da teburin, don iska kaɗan ta isa ta ɓata komai.

Kowa yana son ya ga kyandirorin sun bambanta a tsawo, na farko gajere, na huɗu dogo, domin hakan ne ke nuna tafiyar makonnin. Wannan daidai ne. Abin da ba na so shi ne gajeren ya kai ga ganye.

Littafin kuwa, takarda mai sheƙi, rubutu manya, tsoho zai karanta ba wahala. Ya ba kowace Lahadi jigo: bege, salama, farin ciki, ƙauna. Ba laifi, ko da yake jigogin ba doka ba ne, wasu ikilisiyoyi suna bin annabawa, Baitalami, makiyaya da mala'iku. Damuwata ita ce addu'o'in sun yi zaƙi da yawa, duk maganar ɗumi a zuciya da haske a fuskokin yara, har za ka karanta shafi guda ba ka haɗu da dalilin zuwan Almasihu ba. Babu zunubi, babu tuba, babu Yahaya Maibaftisma yana kira a jeji, babu ko ambaton dawowar Almasihu, wadda rabin ma'anar Adbent ke nan. Fasto ya ajiye addu'o'in ya rubuta namu gajeru. Ya bar Ishaya 9 a Lahadi ta farko, inda mutanen da ke tafiya cikin duhu suka ga babban haske, da Filibiyawa 4:4 a ta uku, ranar kyandir mai ruwan hoda, inda aka ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. Sauran ya sauya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi ba mu aiki, ya kuma fi amfanar mu, shi ne tambayar wa zai kunna. Littafin ya ba da shawarar a zaɓi iyali kowace Lahadi, har da hoton uba da uwa da yara biyu cikin kaya iri ɗaya. Shekarar farko haka aka yi, kuma ya yi kyau a ido. Bayan sujada ta uku wata gwauruwa, wadda ta fi shekara ashirin tana share wannan ɗakin kowace Asabar, ta tsaya taya ni naɗe mayafin tebur ta ce, "Ashe abin na masu miji ne." Ba da fushi ta faɗa ba, tana dariya ma. Na kai maganar gaban dattawa. Sai aka duba rajistar ikilisiya aka ga cewa iyali irin na hoton ba su ne mafi yawa a cikinmu ba. Akwai gwauraye, akwai ɗaliban da iyayensu ke nesa, akwai kaka mai riƙon jikoki, akwai mutumin da matarsa ba ta zuwa coci.

Yanzu ana haɗa mutum biyu ko uku da ba gida ɗaya suke ba, ɗaya ya karanta, ɗaya ya kunna, ɗaya ya yi addu'a. Dole su haɗu a tsakiyar mako su gwada, kuma a wannan gwajin ne mutanen da suka shekara suna gaisawa a bakin ƙofa suka fara sanin sunan juna. Ita Mama, gwauruwar nan, aka haɗa ta da wani yaro ɗan makarantar Lahadi. Hannunta yana rawa, ashanar ta mutu sau biyu, yaron ya ce, "Mama, bari in riƙe miki," ya tallabi gwiwar hannunta har lagwanin ya kama. Fasto ya zaɓa musu Luka 2, labarin Saminu da Hannatu, tsofaffi biyu da suka daɗe suna jiran Almasihu, har suka gan shi yana jariri a Haikali. Ban san ko da gangan ya yi ba, ban kuma tambaye shi ba. (Saitin bai zo da doguwar abar kunnawa ba, kuma ya kamata ya zo da ita. Ashana gajeriya ce, kyandir na baya kuma sai an miƙa hannu ta saman wuta kafin a kai gare shi. A fara kunna na baya, a dawo gaba.)

A ganina amfanin kambin shi ne yana hana ikilisiya gaggawa. Da, tun farkon Disamba muke afka wa waƙoƙin haihuwa, kafin ranar ta zo duk mun gaji. Yanzu kyandir ɗaya ne ke ci, huɗu suna tsaye a kashe a gaban kowa, yara suna ƙirgawa da yatsa suna tambayar me ya sa ba za a kunna duka ba. Malaman makarantar Lahadi sun ce ba su taɓa samun hanya mafi sauƙi ta bayyana cewa an yi ɗaruruwan shekaru tsakanin alkawarin annabawa da komin dabbobi a Baitalami ba. Wa'azi ne dai ke ɗauke da nauyin, kamar yadda ya kamata a cocinmu, kunna kyandir minti uku kawai yake ɗauka a farkon sujada. Na taɓa ganin inda aka mai da kunnawar wani dogon wasan kwaikwayo da kashe fitilu da kiɗa a hankali, kuma a ranar na fahimci abin da Baba yake tsoro.

Farin kyandir na tsakiya shi ma bai gamsar da ni ba. Tsawonsa ɗaya da sauran, kaurinsa ɗaya, daga kujerun baya ba ka bambanta shi. Tunda shi ne ke nuna Almasihu, hasken duniya, kuma daga gare shi ake ɗebo wutar da ake rarraba wa jama'a a daren jajibiri bayan karatun Yohanna 1, ya kamata ya fi su girma. Mazaunin tsakiya yana kwancewa da hannu, saboda haka na cire shi na ajiye kyandir mai kauri a kan ƙaramin faranti a gurbin. A 2023 Lahadi ta huɗu ta faɗo ranar 24 ga Disamba, muka kunna na huɗu da safe, fari da dare, duk a rana ɗaya. Idan shekara ta zo a haka, ku tanadi kyandirori na canji, don tsakanin sujadun biyu babu lokacin neman komai.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A kan zoben, ta biya, kuma zan sake sayen irinsa. Sauran kayan kwalin da mun san haka da zoben kaɗai muka nema, idan mai sayarwa yana rabawa. Wanda ikilisiyarsa ba ta yin Kirsimeti bisa lamiri, wannan ba nasa ba ne, kuma ba na ganin ya rasa wani abu na ceto. Wanda zai saya, ya fara da majalisar dattawa kafin ya biya kuɗi, ya auna ramin mazaunin kafin ya sayi kyandir, ya kuma ajiye kyandirorin da suka rage a kwance a wuri mai sanyi, domin zafi yana lanƙwasa su. Kakin da ya daskare a jikin tagulla kada a kankare shi da wuƙa, yana barin zane. A zuba masa ruwan zafi, a goge da tsumma, a bari ya bushe sarai kafin a mayar da shi kwali.