Riƙe ƙwallo ko tsare gida a jira dama?

Salon koci Guardiola a Barcelona shi ne a hana abokin karawa taɓa ƙwallo. Xavi ya miƙa wa Iniesta, Iniesta ya mayar masa, a yi ta zagaye har 'yan baya su gaji su bar ƙofa, Messi ya kutsa. Da haka suka lashe kofuna 6 a 2009. Sai dai ba kowace ƙungiya ke da 'yan tsakiya irin waɗannan ba, kuma da zarar ƙwallo ta kuɓuce, baya a buɗe take.

Mourinho kuwa ya gwammace a toshe gida. A wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2010, Inter, ƙungiyar da yake horarwa a lokacin, ta doke Barcelona 3-1 a Milan. A karawa ta biyu a Camp Nou, gidan Barcelona, aka ba Thiago Motta na Inter jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, sauran suka yi cincirindo a gaban raga, har Eto'o, ɗan gaba guda, ya koma tsaron baya. Barcelona ta ci 1-0, amma Inter ce ta wuce.

Ni dai wajen kallo na fi son na farko. Ƙungiyar da aljihunta bai da nauyi kuwa, na biyun ya fi karɓarta: da shi Leicester ta ɗauki Firimiya a 2016, Vardy ya zura ƙwallo 24.