Gargaɗi ga masu son sayen injin sassaƙa: a kiyayi mai tallar "cikakken kaya" a Facebook

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da Daura da kewaye. Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane domin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, da ke tallar injin sassaƙa mai juya katako a Facebook da zaurukan WhatsApp, yana kwashe kuɗin bayin Allah. Wasu ba ya aiko masu komai, wasu kuma ya aiko masu tarkacen da gara ma a ce bai aiko ba. Ni ba kafinta ba ne, ma'aikaci ne. Sassaƙar nan sha'awa ce nake yi a wani ɗaki da ke cikin gidana idan na taso aiki, ina fitar da akushi, ƙafafun kujera, muciya, 'yan kwanukan ajiye turare da makamantansu. Saboda an san ni da wannan, waɗanda abin ya faɗa wa sukan zo wurina da rasit ko da kayan a hannu, kuma abin da na gani ya kai in yi magana.

Tallar tasa tana da daɗin ji. Zai ce inji ne na Beljiyam, an ɗan yi amfani da shi kaɗan, kuma ba shi kaɗai zai ba ka ba: har da bakin da ke riƙe katako, da jerin cizal, da samfefa, da guntayen madobiya busassu, da galan na man goge katako wanda a cewarsa "ko jariri zai ci abinci a kwanon da aka shafa wa". Duka a farashin da bai kai rabin na injin kaɗai ba. Bidiyon da yake sakawa kuwa ba a ganin fuskar kowa, hannuwa ne kawai da ɓawon katako yana tashi. Mutanen da yake farauta ba kafintocin 'yan katako ba ne, waɗannan sun san kan kaya. Yana neman wanda ya yi ritaya yana son abin da zai ɗebe masa kewa, da malamin makaranta, da matashin da ya ga ana fitar da kwano a TikTok ya ji abin ya burge shi. Wato mutumin da bai taɓa ɗora hannu a kan injin ba, bai kuma san abin da zai tambaya ba. Wannan rashin sani shi ne jarinsa.

Kawun maiɗakina, dattijo da ke zaune wajen Ƙofar Marusa, yana cikin waɗanda aka yi wa ta farko. Ya ga tallar ya kira, aka amsa masa da Hausa tsantsa da ladabi. "Baba, ai kai uba ne, ba zan cuce ka ba. Saura guda ɗaya, wani Alhaji daga Jibiya ma ya ce a ajiye masa, amma tunda ka riga shi magana, turo kafin alƙalami in sa a ɗaure maka." Ya tura naira dubu 120. Da yamma aka aiko masa hoton kwali da sunansa rubuce da maka, da takardar lodi mai hatimi. Washegari wata lamba daban ta kira, wai direba ne, ana jin ƙarar motoci a bayansa: an tsare shi a hanya, sai an biya kuɗin takarda kafin a saki kayan, in ba haka ba za a sauke su. Kawu ya ƙara dubu 35. Jibi kuma wai mota ta lalace bayan Zariya.

A nan ne ya zo wurina. Na ce, "Kawu, sunan da ya fito a waya lokacin da za ka tura kuɗin, shi ne sunan mai kayan?" Ya ce a'a, sunan mace ne, an ce masa matarsa ce. Na biyun fa? Wani suna ne daban, wai yaron direba. Na ce ya kira shi ta bidiyo yanzu a gabana. Aka ƙi ɗauka, aka turo saƙo wai sabis ba kyau. Kafin la'asar duk lambobin biyu a kashe.

Wannan salon tsoho ne, kowa ya ji labarin irinsa a cinikin waya da babur. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na biyun, domin shi kaya suna isowa, kuma suna iya raunata mutum.

Wani matashi daga Daura ya ɗauko nasa a bayan mota ya kawo mini, yana cewa, "Yaya, duba mini, na jona ya yi ƙara ya yi hayaƙi ya tsaya." Abu na farko da na duba shi ne ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin moton. An shafe shi da fenti, amma da na goge da tina sai ga rubutu: 110V, 60Hz. Wutar Amurka ke nan. Tamu a Najeriya 230V ce, 50Hz. Ka jona moton 110 a wutarmu kai tsaye, koyil ɗinsa ba ya ɗaukar lokaci zai ƙone, kuma haka aka yi. Ko da a ce ya sayi taransifoma ya rage wutar, moton da aka ƙera don 60Hz idan ya hau 50Hz gudunsa na raguwa da kashi ɗaya cikin shida, ya kuma riƙa ɗaukar zafi. Wanda aka rubuta wa juyi 1,750 a minti sai ya dawo wajen 1,450. Ba laifi ba ne sayar da kayan Amurka, laifin shi ne shafe allon don kada mai saye ya gani.

Sai bakin riƙe katakon. Shi wannan ɗaura shi ake yi a kan sandar injin kamar yadda ake ɗaura noti, kuma zaren ba iri ɗaya ba ne a duniya. Yawancin ƙananan injinan Amurka zarensu inci ɗaya ne mai layi 8, na Turai da yawa kuma M33 ne. Wanda aka haɗo wa yaron nan ba na injin ba ne sam. Wani ya cusa masa guntun bututu ya yi walda ta ciki don ya zauna. Da na juya shi da hannu, ido ma yana ganin yadda yake rawa. Na jawo wutsiyar injin na kawo tsininta kusa da tsinin kai, abin da ya kamata su haɗu baki da baki, sai ga ɗaya ya kauce wa ɗaya da kusan kaurin tsinken ashana biyu. Gadon injin ya tsage an yi masa walda an bi da fenti. Ka ɗora gungumen da za a fitar da akushi a kan irin wannan, ka kunna, ba ka san inda zai nufa ba idan ya kuɓuce. Masu wannan aiki suna da lissafin da suke bi: faɗin katako a inci, a ninka da yawan juyi a minti, kada ya wuce tsakanin 6,000 da 9,000. Akushi mai faɗin inci 12 ke nan juyi 500 zuwa 750 ya ishe shi, wannan ma idan injin lafiyarsa lau kuma katakon ba tsaga. Allah ne ya tsare da moton ya riga ya mutu.

Cizal ɗin an buga masu HSS a jiki, wato ƙarfen da ke jure zafi bai dakushe da wuri ba. Gwajinsa ba wuya. Ka ɗan taɓa gindinsa a injin wasa ƙarfe: na gaske tartsatsinsa kaɗan ne, ja mai duhu, ba ya fashewa. Na gama-gari kuwa tartsatsi fari mai haske yake zubarwa, yana fashewa ta ko'ina. Nasa duka na biyun ne, kuma ɗaya ma lanƙwashewa ya yi.

Madobiyar ita ce ta ba ni dariya cikin takaici. Wanda ya taɓa ɗaga madobiya ya san nauyinta, ya san ƙamshinta idan an yanka, kuma launinta har cikin zuciyar icen yake. Waɗannan guntaye kuwa sakayau. Na sa zarto na yanki gefe, sai ga fari fat a ciki: malaina ce aka yi wa rini. Ga ta ɗanya, an shafe bakinta da fenti don kada ta tsage kafin ta isa hannun mai saye. A dai yi tunani, madobiyar da 'yan kasuwar Sin suka yi ta kwasa daga dazukan Taraba har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke sa wa ido a cinikinsu tun 2017, ita ce wani zai ba ka gyara a kan inji? Malaina ba abin rainawa ba ce, da ita nake koya wa yara, amma a kira ta da sunanta a saye ta da kuɗinta. Shi kuma ɗanyen katako a garin nan, da zarar iskar hunturu ta kaɗa, kwanon da ka ɓata mako kana gogewa za ka tashi da safe ka tarar ya buɗe baki. Ƙa'idar da aka saba ita ce kaurin inci ɗaya ya sha iska kamar shekara guda a inuwa. In ba ka da na'urar auna danshi, ɗora shi a sikeli ka rubuta nauyin, ka sake aunawa bayan mako. Muddin yana raguwa, bai bushe ba.

Yanzu ga wanda nake roƙon kowa ya isar wa na kusa da shi, ko da bai damu da sassaƙa ba: man da ke cikin galan ɗin. An liƙa masa takarda wai man linsid ne mai tsabta. Na buɗe sai warin kananzir ya bugi hancina, a ƙasan galan kuma baƙin laka ya kwanta. Na ɗiga shi a farar takarda na ajiye. Man linsid na kafintoci idan ya kwana ɗaya ko biyu yakan kama ya yi fata. Wannan har yau yana nan jiƙe, da zobe baƙi a kewaye. Baƙin man mota ne aka tace aka sirka da kananzir. Mai ne da ya gama zagaya cikin inji ya kwaso ƙurar ƙarfe da guba, ba ya bushewa, kuma duk abin da aka zuba a kwanon zai ja shi, balle tuwo mai zafi ko miya mai maiƙo. Yaron nan ya riga ya shafa wa wata muciya da ya sassaƙa da hannu ya ba mahaifiyarsa. Na ce ya koma ya karɓo ta ya ƙona, kada ya ce zai wanke, ice ya riga ya sha.

Abin da za a ci abinci a ciki ba ya buƙatar wani man sirri daga Legas. Kakin zuma da man kaɗe suna nan a kasuwa, haka farin man farafin da ake sayarwa a kyamis. Ni nakan narka kakin a cikin farafin in shafa bayan na bi da samfefa daga mai lamba 80 har zuwa 320. Man gyaɗa yana yi na ɗan lokaci amma yakan yi ɗoyi idan ya daɗe. Banish da shalak a bar wa ƙafar kujera da kayan ado. Ko man linsid na gaskiya da ake sayar wa kafintoci, yawanci an zuba masa sinadarin da ke sa shi saurin bushewa, ni ba na sa shi a kwanon abinci. Tunda maganarsa ta zo, tsumman da aka goge shi da shi kada a dunƙule a jefa cikin ɓawon katako, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a fili ko a tsoma a ruwa.

Wanda ya ƙudurta sai ya mallaki inji, ba a cinikin biri a sama. Kano tafiyar 'yan awoyi ce, akwai Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, akwai kuma Panteka a Kaduna inda ake ƙera irinsa daidai aljihunka. Ka tafi da kafinta ko mai gyaran moto, a jona a gabanka, ka ɗora hannu a kan injin ka ji ko boris yana ƙara ko yana zafi, ka karanta allon moton da idonka, ka ɗaura bakin ka kwance da hannunka. Idan dole sai daga nesa, to kiran bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora kan injin yana juyawa. Mai kayan gaske wannan ba ya yi masa nauyi. Hotunan tallar ka sa su a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, na wannan mutumin da muka gwada sun fito a wani shafin gwanjo na ƙasar waje, har soket ɗin bangon ba irin namu ba ne. In ya ce kamfani ne, ya ba da lambar rajista ka duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma sunan asusun ya dace da sunan kamfanin. Sunan mata, sunan ƙane, sunan yaron direba, duk ka ja da baya.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, kada kunya ta hana shi magana, domin da wannan shirun suke ci. Kawu ya so ya bar wa Allah, sai da na lallashe shi. Ka je bankinka a ranar, da rasit da lambar asusun da ka tura wa, ka shigar da ƙorafi a rubuce, saboda kuɗin ba ya kwana a wuri ɗaya. Ka ɗauki hoton duk hirarku kafin ya goge, ka adana saƙonnin murya. Daga nan ka kai wa 'yan sanda, ko EFCC da ke da ofishi a Kano. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da karɓar dukiya ta hanyar yaudara, don haka ba ƙaramin laifi ba ne da za a ce a yi haƙuri kawai.

Ban rubuta sunan shafin ba domin ba ya zama da suna ɗaya. Wanda Kawu ya gani an rufe shi, wanda ya cuci yaron Daura sunansa daban, kuma a makon nan wani abokin aikina ya nuna mini na uku. Bidiyon dai shi ne, hannuwa ba fuska, galan ɗin mai yana gefen dama, kuma yanzu ya ƙara da cewa duk wanda ya biya kafin Juma'a kuɗin mota kyauta ne har Daura.