Sharhi a kan allurar Epo ga jaririn da ya rasa iska a wajen haihuwa

Duk wadda ta taɓa karɓar haihuwa ta san shirun da ke sauka a ɗaki idan jariri ya fito bai yi kuka ba. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko mabiyiya ta rabu da mahaifa tun lokaci bai yi ba, ko cibiya ta matse, jini da iskar oksijin sukan yanke wa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar ba ta ƙarewa da zarar an farfaɗo da shi. Bayan kimanin awa 6 sai zagaye na biyu ya taso, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ci gaba da mutuwa har tsawon kwanaki, a ga jijjiga da kasa kama nono, daga baya kuma wasu yaran su tashi da shanyewar gaɓoɓi ko farfaɗiya. Wannan ɗan taƙi kafin zagaye na biyu ne masu bincike ke son cin moriyarsa da magungunan furotin, kuma wanda aka fi gwadawa a cikinsu shi ne eritirofoyetin, wanda likitoci ke taƙaitawa da Epo.

Asalinsa furotin ne da ƙoda ke samarwa domin ya zaburar da ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Kamfanin Amgen ne ya fara haɗa shi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 1989 da sunan Epogen, sannan akwai Eprex da ake samu a wasu ƙasashe. Yana zuwa a ƙaramar kwalba ko a sirinjin da aka riga aka cika, ana ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a girgiza shi, ba a kuma bari ya daskare, wanda hakan kansa ɗawainiya ce a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. A aikinsa na asali, wato ƙarancin jinin masu wankin ƙoda, ba ni da abin cewa sai yabo. Ƙarfinsa ne ma ya sa 'yan tseren keke suka riƙa amfani da shi a ɓoye, kamar yadda Lance Armstrong ya amsa da bakinsa a 2013.

Batun ƙwaƙwalwar jarirai kuwa daban ne. Gwaji a jikin jariran ɓeraye ya nuna cewa Epo yana rage kumburi, yana hana wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mutuwa, yana kuma taimaka wa sababbin hanyoyin jini su tsiro, in dai an ba da shi da yawan da zai iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙananan gwaje-gwaje a kan jarirai ma sun faranta rai, musamman wanda aka yi a Sin a kan jarirai 167 aka wallafa a 2009, da wani a Indiya a kan jarirai 100 a 2017. A duka biyun an ba da Epo shi kaɗai, ba tare da sanyaya jikin jariri ba, kuma an ga raguwar mutuwa ko naƙasa.

Babban gwajin da ya auna shi da gaske shi ne HEAL, wanda Yvonne Wu da Sandra Juul suka jagoranta a asibitocin Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2022. An ɗauki jarirai 500 waɗanda duk ake yi musu maganin da aka riga aka tabbatar, wato sanyaya jiki zuwa digiri 33.5 na tsawon awa 72. Kusan rabinsu an yi musu allurar Epo sau 5 a makon farko, sauran kuma aka yi musu ta ruwan gishiri da babu magani a ciki domin a kwatanta. Da aka duba yaran suna da wata 22 zuwa 36, kashi 52.5 cikin ɗari na waɗanda suka sami Epo sun rasu ko suna da wata naƙasa, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 49.5, wato babu wani amfani da aka gani. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne munanan matsaloli sun fi yawa a wajen waɗanda aka yi wa allurar. A ganina wannan ya rufe maganar haɗa Epo da sanyayawa, domin babu hujjar ɗora wa iyaye kuɗin magani mai tsada wanda bai ƙara komai ba sai haɗari.

Sai dai akwai tambayar da HEAL bai amsa ba, kuma ita ce ta fi shafar mu, tunda a Nijeriya da Nijar rasa iska a wajen haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe jarirai, asibitocin da ke da na'urar sanyayawa kuma ba su da yawa. Ita kanta sanyayawar ba ta ba da sakamako ɗaya a ko'ina ba, domin gwajin HELIX da Sudhin Thayyil ya jagoranta a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash a kan jarirai 408 ya nuna a 2021 cewa ba ta rage jimillar waɗanda suka rasu ko suka naƙasa ba, mutuwa ma ƙaruwa ta yi zuwa kashi 42 cikin ɗari, alhali kashi 31 ne a cikin waɗanda ba a sanyaya ba. Wannan ne ya sa aka ƙaddamar da gwajin EMBRACE a waɗannan ƙasashe uku na Asiya domin a auna Epo shi kaɗai a kan jarirai masu yawa. A Jami'ar Brown kuma, Barbara Stonestreet da abokan aikinta sun gwada wani furotin da ake tacewa daga ruwan jinin mutum, mai suna IAIP, amma a jikin dabbobi ne suka ga alfanunsa, kuma tarihin Epo ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da irin wannan albishir.

Hukuncina shi ne Epo magani ne mai inganci ga ƙarancin jini, amma ga ƙwaƙwalwar jariri bai cancanci a rubuta shi ba sai a cikin gwajin da hukuma ta amince da shi, iyaye kuma suka ba da yardarsu bayan an yi musu cikakken bayani. Asibitin da ke da ɗan kuɗin kashewa zai fi cin riba idan ya sayi jakar hura iska ta Ambu, ya horar da ungozoma ta fara hura wa jaririn da bai numfasa ba a cikin minti ɗaya na farko, ya kuma tanadi oksijin da maganin jijjiga a sashen jarirai.