Lambun sassaƙa na Tony Cragg a Wuppertal: kuɗin shiga bai tafi a banza ba

Duk wanda ke zaune a wajen Bonn, Kolon ko Düsseldorf, yana neman inda zai wuni da iyali, ina ba shi shawarar lambun sassaƙa na Waldfrieden da ke garin Wuppertal a Jamus. Na je lokacin da ganye ke zuba, kuma zan so in koma.

Mai wurin, Tony Cragg, haifaffen Liverpool ne, a 1949. Kafin ya rungumi sassaƙa, aiki yake yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken roba. Da ya gama karatu a Royal College of Art da ke Landan, sai ya tattara ya koma Jamus a 1977, ya kafa gida a wannan gari. Yana zaune a can ya ci kyautar Turner, babbar kyautar masu fasaha ta Birtaniya, a 1988, shekarar da ya wakilci Birtaniya a baje kolin fasaha na Venice. Da tarkacen bola ya fara yin suna: fasassun robobi masu launi yake tsintowa ya jera su a bango, har ya taɓa fitar da taswirar Birtaniya a kwance da su a 1981. A 2006 ya sayi wannan fili, aka buɗe wa jama'a a 2008.

Abin da ya riƙe ni shi ne wasu dogayen ginshiƙai uku na tagulla da ke tsaye a fili. Daga nesa sai ka ce faifai aka jibga kan faifai har sama, suna shirin rikitowa. Na matsa gefe kaɗan, sai ga hanci, ga haɓa, ga goshin mutum sun fito sarai. Na ƙara taku, fuskar ta ɓace, wata ta bullo daga can sama. Wallahi na daɗe ina kewaya su. Hoto ba ya kama wannan, domin aikin ba ya cika sai mai kallo ya motsa ƙafarsa. A ganina, zaman da ya yi a ɗakin gwaje-gwaje bai bar shi ba: mutum ne mai son ya ga iyakar abin da ƙarfe, dutse ko katako za su iya jurewa.

Akwai kuma zauruka na gilashi inda ake baje ayyukan wasu masu sassaƙa, da tsohon gidan Kurt Herberts, attajirin fenti, wanda aka gina da bangaye masu lanƙwasa. Daga waje na kalle shi.

Wurin kan tudu yake, cikin kurmi, hawa da gangara ne. A sa takalmi mai riƙe ƙasa, mai tafiya da dattijo kuma ya bi a hankali. A duba ranakun buɗewa kafin a kama hanya, don lokacin sanyi ba kullum ake buɗewa ba.