Gargaɗi ga masu ƙera haƙora game da dillalin da ya sayar mini da tsohon inji da lasisin jabu

Kashi 70 cikin 100 na kuɗin na tura masa tun ban taɓa injin da hannuna ba, kuma har yau idan na tuna daren da na tura kuɗin sai raina ya ɓaci. Shekara 11 na yi ina ƙera haƙora da hannu, saboda haka kada wani ya ɗauka ban san aikina ba, ko kuwa kwaɗayin araha ne ya ja ni.

Yarjejeniyarmu a kan sabon injin sassaƙa ce, mai motsi ta fuska biyar, wanda yake ɗaukar faifan zirkoniya (wani farin abu mai ƙarfi da ake ƙera haƙori da shi) mai faɗin milimita 98, haɗe da manhajar zane ta exocad da lasisinta na asali. Duk tambayar da na yi masa ya amsa ta daidai. Shi da bakinsa ya ja mini kunne cewa zirkoniya ana sassaƙa ta a bushe, amma kada in kuskura in sa gilashin seramik a injin da ba ya feshin ruwa. Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali, domin na ce a raina mai niyyar cuta ba zai damu da lafiyar injina ba. A kan wannan magana guda na saki kashi 70, tarin shekara uku.

A mako na uku manhajar ta rufe, bayan na haɗa kwamfutar da intanet, abin da dillalin ya sha hana ni da sunan gudun ƙwayar cutar kwamfuta. Tun kafin nan ma likitoci biyu sun dawo mini da hulunan haƙori, wato murfin da ake ɗora wa haƙori, saboda gefensu ya ɓantare, ni kuwa na ɗora wa kaina laifin zane. Injiniyan da na kira ya duba ma'adanar bayanan injin, ya nuna mini cewa sandar da ke juya bakin sassaƙar ta yi aiki sama da awa 4,000, kuma takardar lambar injin liƙa ta aka yi a kan wata. Sauran kashi 30 ɗin kuwa na biya tun ranar da kaya suka iso, ina ta yi wa dillalin godiya, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya. Da na kai lambar makullin lasisin wurin wakilin kamfanin na gaskiya, sai aka ce ba su san da ita ba.

Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin da hoton awannin injin duk suna hannuna, kuma zan fitar da su da zarar lauyana ya amince.

Ku aika wa kamfani lambar inji da ta lasisi ya tabbatar muku kafin ku biya komai. Wayar dillalin a kashe take yau kwana 19.