Sikanin hannu na duba ƙwaƙwalwar jarirai: hoto tsaf, amma ba ta jure zafin kwalba

Ƙaramar na'urar sikanin ta hannu nake nufi, marar waya, wadda ake haɗawa da tabulet, mai ɗan kai lanƙwasasshe da ke aiki da mitar sauti tsakanin MHz 5 zuwa 8. Don aiki ɗaya na saye ta, wato duba ƙwaƙwalwar bakwaini ta maɗiga ba tare da an fito da su daga kwalba ba, kuma da wannan aikin zan auna ta.

Gaskiya hoton ya wuce yadda na zata. Kanta yana zama daram a maɗigar jaririn da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, babu gefen da ke hawa ƙashi ya jefa inuwa. A zurfin santimita 7 ana samun yanka, wato hoton faifai ɗaya na cikin ƙwaƙwalwa, na kunne zuwa kunne guda shida da na goshi zuwa ƙeya guda biyar ba tare da wahala ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan kwarin nan da ke tsakanin kodet da talamus, wasu sassa biyu na cikin ƙwaƙwalwa, inda zubar jinin bakwaini ke farawa. Abokan aiki sun san koroid, naman da ke samar da ruwan ƙwaƙwalwa wanda shi ma fari yake fitowa a hoto, ba ya wuce wannan kwari ta gaba, saboda haka farin da aka gani gaba da shi a ɗauke shi jini. Na'urar tana raba su ɓaro-ɓaro. A nan ban da abin cewa sai yabo.

Matsalar zafi ce. Kwalbar jaririn da aka haifa kafin mako 28 tana kaiwa digiri 35 zuwa 37, da danshi kashi 80 ko fiye a makon farko. Babbar na'ura injinta na can kan keke, kai da waya kawai ke shiga ciki. Wannan kuwa batir da duk kayan lantarkinta suna cikin abin da ke hannunka, babu inda zafi zai bi ya fita. A ƙa'ida fuskar da ke taɓa majiyyaci ba za ta wuce digiri 43 ba, don haka take kashe kanta. Ban ga laifinta a kashewar ba, fatar bakwaini ba abar wasa ba ce. Yadda take yin kashewar ne ya ɓata min rai.

A kan wata jaririya 'yar kwana biyu abin ya faru. Jininta ya faɗi ba zato, maɗigarta ta fara cika. An gama yankan kunne zuwa kunne, an ga fari kwance cikin ɗakin ruwan ƙwaƙwalwa na hagu, ana cikin juya kan na'urar don yankan goshi zuwa ƙeya sai allon ya tsaya cak, ya koma shafin neman haɗi. Babu ƙara, babu gargaɗi. Gajerun bidiyon da aka ɗauka duk suka tafi, domin manhajar ba ta adana komai sai an danna maɓallin rufe gwaji.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. A matakan Papile na 1978, da ake auna tsananin zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini da su, mataki na biyu jini ne a cikin ɗakin ruwa bai buɗa shi ba, na uku kuwa jinin ya cika ɗakin har ya buɗe. Abin da za a faɗa wa iyaye da yawan sikanin da za a riƙa maimaitawa duk sun rataya a kan wannan bambanci, kuma ba a yanke shi da abin da ido ya tuna. Sai da hoto, sai da awo. Dole aka jira ta huce, aka sake buɗe kwalba, ɗumi da danshi suka sake zubewa, aka sake ɗora hannu a kan jaririyar da ke cikin awa 72 na farko, lokacin da mafi yawan irin wannan zubar jini ke faruwa, lokacin da ake son a rage taɓa ta iya yi. Na'urar da aka saya don a sauƙaƙa wa jariri ita ta jawo aka dame ta sau biyu. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Akwai dabarun rage abin. A shigar da suna da saitin zurfi tun tana waje, a ɗumama man sikanin a gefe, a daskarar da hoto duk lokacin da aka ɗaga hannu, a bar Dofila mai launi, wato saitin da ke nuna gudun jini, sai ƙarshe domin ita ta fi zafafa ta. Sannan a rufe gwaji bayan yankan farko a buɗe sabo, ko da yake hakan na raba hotunan jariri ɗaya gida biyu. Da haka takan kai ƙarshen aiki, har na fara cewa a yafe mata.

Sai kuma nauyinta ya dawo min da fushin. Ta ninka kan babbar na'ura nauyi, kuma ta ƙofar kwalba hannu ba ya samun madogara, sai ta riƙa danna maɗiga. Dannawar tana canja gudun jini, ka ga lissafin juriyar jijiyar gaban ƙwaƙwalwa ya haura alhali jaririn bai canja ba. Jikinta mai kauri kuma yana hana a shigar da ita bayan kunne don duba ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya idan jariri na sanye da hular injin numfashi. Awon ma da yatsa ake jan alama a allo. Ma'aunin Levene, na faɗin ɗakin ruwa, daga layin tsakiyar ƙwaƙwalwa zuwa bangon ɗakin ruwa ne, kuma milimita 4 sama da layin kashi 97, wato faɗin da jarirai 97 cikin 100 ba sa wucewa, ake fara maganar cire ruwa. Yatsa cikin safar hannu zai iya cinye milimita ɗaya ko biyu daga ciki.

Mai sayarwa zai ce tana duba ƙwaƙwalwa, ya yi shiru a nan. Ta maɗiga kawai take gani, kuma maɗiga kan rufe kafin shekara biyu. Kada wanda ke kula da yara masu sikila ya saye ta don auna haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wancan gwajin yana buƙatar kai mai MHz 2 da ke ratsa ƙashin gefen kai, ana duba ko gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa, alamar haɗari, kuma wannan ba ta da shi.

Ga jaririn da ya cika watanninsa, yana kan gado a fili, ana bibiyar girman kai ko taruwar ruwa bayan sanƙarau, tana yin aikin lafiya lau. A ɗakin bakwaini kuwa ba zan yarda ta zama ita kaɗai ba. Duk mai niyyar saye, kafin ya biya ya sa a kunna ta cikin kwalba marar jariri a digiri 36, ya ɗauki bidiyo biyu ko uku, ya bar ta tana aiki har ta mutu, sannan ya buɗe manhajar ya duba ko bidiyon na nan.