Ƙaramin gwangwanin Chalk Paint da durowar mahaifiyata

Durowar gefen gado ce ta katakon maɗaci, wadda aka yi wa mahaifiyata a cikin kayan ɗakinta, kuma tun bayan rasuwarta take jingine a ɗakin ajiya, banish ɗinta ya yi duhu ya tsattsage, samanta duk shaidar gindin kofi. Ban yarda a rabu da ita ba, ban kuma so a kai ta wurin masu feshi su lulluɓe ta da fenti mai ƙyalli har ta koma kamar roba ba. Ana cikin haka ƙanwata ta kawo mini tsaraba daga Ingila: ƙaramin gwangwanin Chalk Paint, wato fentin alli, mai cin mililita 120, launin Duck Egg Blue, wato shuɗi mai haske da ya ɗan karkata zuwa kore, tare da kakin da ake shafawa a kansa.

Wata mai zane da ke Ingila mai suna Annie Sloan ce ta ƙirƙiro wannan fenti a shekarar 1990, kuma kamfaninta yana birnin Oxford. An danganta shi da alli saboda idan ya bushe ba ya ƙyalli ko kaɗan, kuma idan aka shafa hannu a kansa ana jin wani gari-gari mai laushi. Da ruwa ake sirka shi, da ruwa ake wanke burushi, warinsa kuma bai kai ya hana mutum aiki a cikin falo ba. Babban abin da ya sa ya yi suna shi ne yana kama yawancin kayan katako ba sai an goge su da sanfefa ko an fara shafa musu fentin share fage ba.

Da na ga gwangwanin na raina shi, domin bai kai ƙaramin gwangwanin madara ba. Sai dai a lissafin kamfanin lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 13, wanda ke nufin wannan ɗan kaɗan zai rufe kusan murabba'in mita ɗaya da rabi, kuma abin da na gani bai saɓa wa hakan ba. Na wanke durowar da ruwan sabulu, na bar ta ta bushe, na cire marikanta na ƙarfe. Shafi na farko ya fito da zanen burushi da ratsin duhun tsohon banish, amma da yake lokacin hunturu ne, kafin in idar da sallar la'asar ya bushe. Na ɗiga ruwa kaɗan a shafi na biyu, sai ya bi jikin katakon sumul, ya rufe komai.

Washegari na tarar da tabo ja-ja ya ɓullo a saman, daidai wuraren da na goge shaidar kofi da sanfefa har na kai ga tsuran katako. Maɗaci yana da rini a jikinsa, kuma fentin da ake sirkawa da ruwa yana janyo shi waje, ko sau nawa aka ƙara shafi zai sake fitowa. Gugar da na yi ce ta buɗe masa hanya. Wani dattijon kafinta a unguwarmu ya duba ya ce, “Hajiya, sai an toshe shi tukuna,” ya shafa wa wurin shelak siriri, wato wani irin banish mai hana rini fitowa. Da ya bushe na mayar da fenti, a nan ne gwangwanin ya ƙare ƙaf, amma tabon bai dawo ba.

Kakin ba abin da za a tsallake ba ne, domin idan babu shi ɗigon ruwa ko maiƙon hannu yana barin alama a fentin. Na shafa shi da tsumma mai laushi, kaɗan-kaɗan, ina goge rarar nan take, launin ya ƙara zurfi. Yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙwari sosai, saboda haka na rufe durowar da tsohon zani don kada ƙurar hunturu ta manne mata.

Ga mai durowa, kujera ɗaya ko firam ɗin madubi, wannan gwangwani ya wadatar, kuma ina ba da shawarar sa da zuciya ɗaya. Mai kabad ko gado ya nemi lita guda tun farko, mai teburin cin abinci kuma ya rufe shi da abin da ya fi kaki jure ruwa da zafi. Durowar yanzu tana gefen gadona, da marikanta na asali, Alƙur'anin mahaifiyata yana cikin aljihunta na sama inda ta saba ajiye shi.